Yadda Za Ki Sa Wa Fanfik Ɗinki Matakin Shekaru da Gargaɗi

Mai karatu yana da tambaya biyu kafin ya buɗe fanfik ɗinki. Ta farko, labarin nan na 'yan shekara nawa ne? Ta biyu, me ke ciki wanda gara in sani tun yanzu? Amsar ta farko ita ce matakin shekaru, amsar ta biyu ita ce gargaɗi. Yawancin rubuce-rubucen da ake turo mini in duba kafin a saki, a nan suke tuntuɓe, domin masu su sun ɗauka abu ɗaya ne: a rubuta "na manya" a sama, shi ke nan an sauke nauyi. Ba a sauke ba. Mataki kamar faɗa wa baƙuwa yawan yajin da ke miya ne, gargaɗi kuwa shi ne ki ce mata akwai gyaɗa a ciki, ko da jikinta ba ya ɗauka. Miya tana iya zama ba yaji ko kaɗan, gyaɗar kuma ta kwantar da mutum.

Ina cewa "ki" ne saboda masu turo mini rubutu kusan duk mata ne. Maza ku yi haƙuri, maganar tamu ce duka.

Ga wadda ba ta saba ba, fanfik labari ne da mutum ke ƙagawa da jaruman wani fim, ko littafi, ko shiri mai dogon zango da yake so, ya ɗora daga inda mai shi ya tsaya, ko ya sauya musu ƙaddara gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ya fi littafin kasuwa buƙatar gargaɗi. Mai karatunki ta riga ta san mutanen nan, ta yi shekaru tana son su, ta shigo da tunanin za ta same su yadda ta bar su. Wani lokacin ma asalin shirin zanen yara ne, fanfik ɗin kuwa na manya. Babu maɗaba'a a tsakaninku, babu bango mai hoto, babu mai shagon littattafai da zai ce wa yarinya "wannan ba naki ba ne". Layukan da kika rubuta a sama su kaɗai ne.

Yadda ake auna mataki

Ki nemo wurin da ya fi ko'ina nauyi a labarin, shi ne zai yanke hukunci. In kina da babi ashirin na hirar soyayya da babi ɗaya da aka yi wa mutum yankan rago a idon mai karatu, labarin na manya ne, har da ashirin ɗin. A AO3 da FanFiction.net da Wattpad, shafukan intanet da ake ɗora irin waɗannan labarai, duka mataki ɗaya ake sa wa labari gaba ɗayansa, ba a raba shi babi-babi.

Sannan ba abin da ya faru kaɗai ake dubawa ba, har da yadda kika matso da idon mai karatu kusa. A ce kina rubutu a kan wani shirin sarauta na Koriya, an kashe dogarin yarima. Ga rubutu na farko:

"Kafin yarima ya juyo, takobin ya riga ya sami dogarin. Ya durƙusa, ya kira ubangidansa sau ɗaya, bai ƙara magana ba."

Ga na biyu:

"Takobin ya shiga ta ƙasan haƙarƙari ya ɓullo ta baya. Da aka zare shi sai hanji ya biyo. Dogarin ya sa hannu biyu yana ƙoƙarin mayar da shi, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa har ya jiƙe takalmin yarima."

Mutum ɗaya ne ya mutu, da takobi ɗaya. Na farkon ɗan shekara goma sha uku zai karanta lafiya lau. Na biyun ya haura zuwa na manya, kuma yana buƙatar gargaɗin tashin hankali a kansa. Haka abin yake a sha'anin miji da mata. "Suka shiga ɗaki, gari ya waye" mataki ɗaya ne. In kika bi su ciki kina sakaya zance, kin hau mataki na gaba. In kika bi su ciki kina kiran komai da sunansa, kin kai ƙarshen tsani. Ashar mai nauyi da shaye-shayen da aka nuna filla-filla su ma suna ɗaga mataki.

In kin tsaya tsakanin biyu kin rasa na zaɓa, ɗauki na sama. Amma fa mataki ɗaya, ba biyu ba. Akwai masu manna wa labarin da babu komai a ciki matakin ƙarshe don a yi rububin buɗewa. Wanda ya zo neman abin bai samu ba zai tafi da haushi, wadda kuma labarin ya dace da ita ba za ta taɓa ganinsa ba, tunda ta riga ta toshe wannan matakin a wurin bincike.

Kowane shafi da haruffansa

A AO3 matakai huɗu ne, kowanne da launinsa a ɗan akwatin da ke gefen sunan labari. G kore ne, na kowa da kowa. T rawaya, na matasa zuwa sama, wato abin da ƙila bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba. M ruwan lemo, na manya. E ja, na manya wanda aka fito da komai ɓaro-ɓaro. Akwai zaɓi na biyar na ƙin sa mataki, amma ki sani shafin yana ɗaukarsa kamar na manya ne: kafin a buɗe sai an wuce ta allon da ke tambaya ko mutum ya yarda ya ga abin manya.

FanFiction.net, wanda aka buɗe tun 1998, nasa daban ne, kuma da shekaru a jiki: K daga shekara 5, K+ daga 9, T daga 13, M daga 16. Akwai MA na 'yan 18 zuwa sama a tsarin, amma shafin ba ya karɓar labarin da ya kai can. Nan ne tarkon yake. Labarin da ya ci E a AO3 ba shi da gurbi a FanFiction.net, ko da kin rubuta masa M. Ko dai ki yanke wuraren, ko ki bar shi inda yake. Wani abin kuma, jerin labaran da shafin ke nuna wa mutum da farko daga K zuwa T ne, sai mai karatu ya sauya da kansa kafin ya ga na M. Wannan ne ke sa wasu rage wa labarinsu mataki don a gan shi. Kar ki yi.

Wattpad, inda yawancinmu masu rubutu da Hausa muka fi sabawa, ya fi sauƙi: ko na kowa, ko na manya, wanda suka ce daga shekara 17 ne. Ɗan maɓalli ne a shafin bayanin labari, wurin da kike sa suna da bango. Suna so a kunna shi in akwai kwanciya da aka bayyana, ko tashin hankali mai muni, ko batun cutar da kai da kashe kai. Kunna shi kuma ba lasisi ba ne. Dokokinsu sun hana rubutun da batsa ce kawai manufarsa, sun hana ƙawata fyaɗe, kuma suna goge labari.

Wannan bambancin yana da tarihi, kuma saninsa zai sa ki gane dalilin da AO3 ya matsa a kan gargaɗi. Da can shafukan fanfik da matakan fina-finan Amurka suke aiki, irin su PG-13 da R da NC-17, tsarin da ƙungiyar kamfanonin fim ta can ta fara a 1968. A 2002 FanFiction.net ya haramta labaran NC-17. A 2005 ya bar haruffan fim ɗin ya koma K da T da M, saboda ƙungiyar ta yi wa nata rajista a matsayin mallakarta. A watan Mayun 2007 shafin rubuce-rubuce na LiveJournal ya rufe ɗaruruwan asusu a lokaci guda, har da na marubuta fanfik. A shekarar ne masu wannan harka suka kafa ƙungiyarsu mai suna OTW, wadda ta buɗe AO3 ga jama'a a Nuwamban 2009. Da FanFiction.net ya sake share labarai masu yawa a tsakiyar 2012, sai marubuta suka yi ta kwarara can. Tsarin AO3 shi ne ba sa goge labari don nauyinsa matuƙar bai saɓa wa dokar Amurka da ƙa'idojinsu ba, amma dole marubuci ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki, ko ya fito fili ya ce ya zaɓi kada ya faɗa. Shi ya sa ba za ki iya sakin labari a can ba sai kin cike gurbin mataki da na gargaɗi.

Manyan gargaɗi huɗu

Ko ba a AO3 kike rubutu ba, ki ari jerin nasu, domin an daɗe ana gwada shi. Abu huɗu ne: tashin hankali da aka bayyana ƙarara, mutuwar babban jarumi, fyaɗe ko kwanciya ba da yarda ba, da kwanciya da ta shafi wanda bai kai shekara 18 ba.

Na tashin hankali mun riga mun gani a dogarin yarima.

Na mutuwa, tambayar da ake yawan yi mini ita ce wane ne "babba". Amsata, babba a labarinki, ba a asalin shirin ba. In dogarin nan sau uku kacal ya fito a talabijin, amma ke a kansa kika gina labari tun daga babi na ɗaya, mutuwarsa mutuwar babban jarumi ce. In kuwa mutuwar ta riga ta faru a shirin, kowa ya sani, ke ambatonta kawai kika yi, ƙaramar alama ta isa, wato 'yar kalmar bayani da ake manna wa labari a sama. Wanda ya mutu ya dawo fa? In a babin ya farfaɗo, ba sai an sa ba. In kin bar mai karatu yana zaman makoki babi biyar, ni dai ina ganin ya cancanci a gaya masa.

Na uku shi ne wanda na fi so mu tsaya a kai, domin a rubutunmu na Hausa an fi kauce masa. Kin san salon: an yi auren dole, daren farko amarya tana kuka tana roƙo, ango bai saurara ba, bayan babi goma kuma sun zama masoya har ana yi musu addu'a a ƙarƙashin labari. Marubuciya sai ta ce ai mijinta ne, don haka babu abin gargaɗi. Mai karatun da irin wannan daren ya taɓa faruwa da ita ba za ta karanta shi a matsayin soyayya ba. Gargaɗi ba fatawa ba ce a kan auren jarumanki, bayani ne na abin da ido zai gani a shafi: mace ta ce a'a, aka yi. Ki sa shi. Haka in an zuba wa mutum ƙwaya a lemo, ko an yi masa asiri ya fita hayyacinsa, ko uban gida ya ce wa 'yar aiki ko ta yarda ko ta bar gidan. Duk inda aka cire wa mutum ikon cewa a'a, wannan gargaɗin ya hau. Soyayyar da ta biyo baya ba ta goge shi.

Na huɗu gajere ne a wurina. Ƙasa da 18 ƙasa da 18 ne, ko da a labarin an ɗaura mata aure. Wattpad ya haramta irin wannan rubutun, ƙasashe da dama suna hukunci a kansa, kuma babu gargaɗin da ke halatta shi. Shawarata kar ki rubuta shi. In labarinki a kan illar auren wuri ne, ana iya nuna illar ba tare da an shiga ɗaki ba.

In ba ki son tona ƙarshen labari

Wannan ƙorafin gaskiya ne, ba na raina shi. Kin yi wata da watanni kina gina mutuwar da za ta girgiza mutane a babin ƙarshe, sai a ce ki rubuta ta a sama? AO3 ya tanadi mafita. Ban da huɗun nan akwai akwati biyu. Ɗaya yana cewa babu ko ɗaya daga cikin manyan gargaɗin a labarin nan. Ɗayan yana cewa marubuci ya zaɓi kada ya yi gargaɗi. A ido suna kama, a ma'ana sun yi hannun riga. Na farkon alkawari ne. Na biyun yana nufin komai na iya faruwa, wanda ya shiga ya shiga da saninsa. In kina ɓoye mutuwa, na biyun ne naki. Za ki rasa wasu masu karatu da ba sa buɗe irin wannan, kuma hakkinsu ne. Abin da ba a yafewa shi ne ki danna na farkon alhali kin san akwai gawa a babi na talatin.

Kina iya haɗawa ma: ki danna gargaɗin tashin hankali, ki kuma danna na ƙin faɗa, ma'ana ga ɗaya na faɗa, akwai yiwuwar wani da na riƙe. Wata dabarar da nake so ita ce ta bayanin ƙarshen babi. A sama ki rubuta, "Babin nan yana da nauyi, mai son sanin abin da ke ciki ya duba ƙasa kafin ya karanta." A ƙasan sai ki faɗe shi a fili. Mai son mamaki ya wuce abinsa, mai tsoro ya leƙa.

Ƙananan alamomi

Huɗun nan ba su ƙare abin da ke taɓa mutane ba. Ɓarin ciki, mutuwar jariri, dukan mace a gidan aure, kashe kai, cin amanar aure, wulaƙanta yaro, duk ba sa cikinsu. Ga masu karatunmu zan ƙara garkuwa da mutane da harin 'yan bindiga. Wadda ke karanta ki a Gusau ko Maiduguri wataƙila ba a labari ta fara sanin abin ba. Irin waɗannan a gurbin ƙarin alamomi ake sa su.

A AO3, da kin fara rubuta alama shafin zai kawo miki shawarwari. Ki zaɓa daga ciki, ko da da Turanci suke, saboda da su ne masu karatu ke toshe abin da ba sa so. Akwai 'yan sa-kai da ke haɗa alamomi masu ma'ana ɗaya wuri guda, amma ba za su iya da wadda kika lauya ba. Wannan ɗabi'ar ta sa tauraro ko lamba a tsakiyar kalma, da aka koyo daga TikTok da Facebook don gudun a rufe asusu, a nan cutarwa take yi: wadda ta toshe kalmar fyaɗe za ta ga labarinki, tunda ke ba haka kika rubuta ta ba. Rubuta kalma cikakkiya. Fassarar Hausa kuma ki sa ta a taƙaitaccen bayani ko a saman babi na ɗaya.

Ki kula da alamar da ke tsakanin sunaye biyu. Karkatacciyar sanda, wato /, tana nufin soyayya ko kwanciya. Alamar & tana nufin abota ko zumunta. In labarin wa da ƙanwa kike yi kika sa sanda, kin faɗi abin da ba ki nufa ba.

Kar kuma ki cika. Tun 2021 AO3 ya ƙayyade alamomi 75 ga labari ɗaya, amma ni ko ashirin na gani sai in fara zargin marubuciyar ba ta tantance ba. In kika jera kuka, da rashin lafiya, da faɗan kishiyoyi, da ruwan sama, sannan kika cusa kashe kai a tsakiya, ido zai tsallake shi. Masu nauyi su zo farko.

A Wattpad da guruf ɗin WhatsApp

Nan babu akwatunan dannawa, da hannu za ki rubuta. Abin da aka saba gani a saman littattafanmu shi ne, "Littafin nan na matan aure ne, ban yarda budurwa ta karanta ba, in kin karanta ke da Allah." Tsakani da Allah wannan talla ce. Ba ta faɗi abin da ke ciki ba, kuma babu abin da ke jawo 'yar sakandare kamarta. Matar auren da ta yi ɓari watan jiya ita ma ba ta tsira da komai ba, tunda an ce nata ne. Haka masu cewa "in ba ki so kar ki karanta, kar wadda ta zage ni". Ta yaya za ta san ba ta so, ba ki gaya mata ko mene ne ba?

Ga irin wanda nake ba da shawara:

"Mataki: na manya, 18 zuwa sama. Akwai dukan mace a gidan aure, an nuna shi ƙarara a babi na 7 da na 12. Akwai ɓarin ciki a babi na 15, ambato ne kawai. Babu bayanin kwanciya. Akwai abu ɗaya mai nauyi a ƙarshe da ban faɗa ba, mai son sani ta tambaye ni ta akwatin saƙo."

Layi biyar, babu ban-haƙuri, babu barazana. Ya faɗi abu, ya faɗi wuri, ya faɗi ko gani za a yi ko ji kawai. Wannan bambancin na "an nuna" da "an ambata" yana da amfani ƙwarai, domin mutane da yawa suna iya jure ambato, kallon abin ne ba sa iyawa.

A WhatsApp akwai ƙarin matsala. Labari yana yawo guntu-guntu, a turo babi na 12 wani guruf ba tare da na ɗaya ba, gargaɗinki na can baya bai biyo shi ba. Don haka kowane babi mai nauyi ki sa masa layinsa a kai, a cikin saƙon da babin yake, ba a wani saƙo daban da za a bari a hanya ba.

In labari ya sauya a tsakiya

Yawancinmu muna saki ne muna rubutawa, kuma labari yakan kai mutum inda bai shirya ba. Kin fara da T, a babi na goma sha takwas sai ga yaƙi ya ɓarke. Kafin ki ɗora wannan babin, koma shafin gyara ki ɗaga mataki, ki ƙara gargaɗi. Sannan ki faɗa a saman sabon babin cewa kin sauya, saboda tsofaffin masu bibiya kai tsaye suke faɗawa sabon babi daga sanarwar da ta shigo musu, ba sa komawa su duba alamomi. In tun farko kin san inda za a je, sa matakin ƙarshen tun ranar farko, ko da babin farko hirar shan shayi ce.

In wata ta rubuto ta ce kin manta wani gargaɗi, duba maganarta kafin ki ji haushi. In cikin manyan huɗun ne, gyara nan take. A AO3 ana iya kai ƙara, kuma masu kula da shafin sukan nemi marubuci ya gyara, in ya ƙi su mayar da labarin zuwa "ba a sa mataki ba" ko "an zaɓi kada a yi gargaɗi". In kuwa ƙaramar alama ce, kamar wadda ke tsoron allura ta nemi a ambata, shafin bai tilasta miki ba. Ni nakan ƙara in abin ya ɗauki fiye da layi biyu a labarin, in kuma wucewa kawai aka yi ta kansa sai in ba ta amsa in gaya mata babin da yake.